Mangwaro Goma Sha Uku

Kafin Rumaisa ta kai ga cire maɗaurin wasan motsa hannu daga hannunta, Nura ya ɗaga labule da sallama, ledar ayaba a hannunsa, rigarsa ta aiki tana warin narkakkiyar roba.

Ƙarfe biyu ne kacal. Ba ya barin masana'antar robobin da yake aiki a Sharaɗa sai shida, amma yau inji ya tsaya, aka ce kowa ya kama gabansa.

"Gimbiyata, ana ta tsinkar mangwa..."

Maganar ta maƙale masa. Idonsa ya sauka a kan maɗaurin, yana ɗaure a hannun hagu, hannun da babu abin da ya taɓa samunsa. Na daman kuwa yana kwance a cinyarta kamar na aro.

Wata biyar ke nan da ɓarin jikinta ya shanye, kwana huɗu bayan ta haifi Saudat. Ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, hannu ne ya yi taurin kai. Shi ya sa Sista Laraba ta sashen gashin ƙashi a asibiti ta ara musu kwamfutar hannu mai wasa a ciki. Bishiyar mangwaro ce da kwando. Idan ka ɗaura maɗaurin ka ɗaga hannu, sai wani ɗan hannu a allon ya miƙa ya tsinko, ka sauke ya jefa a kwando. Sharaɗi ɗaya ne, da hannun da ya shanye ake yi.

"Tun yaushe?" ya tambaya a hankali.

"Masoyi, zauna ka sha ruwa tukuna..."

"Rumaisa. Tun yaushe?"

Idan ya kira cikakken sunanta, ta san babu wurin kwana.

"Sati uku."

Ya ajiye ledar a ƙasa, ya zauna a bakin katifa, kusa da inda Saudat take barci.

"Sati uku. Ashe mangwaro saba'in ɗin nan, da tamanin da huɗun jiya, duk na hagu ne. Kin san har mai gadin ƙofarmu ya san makinki? Jiya lemo na saya wa mutanen layinmu."

Da wata rana ce da ta yi dariya. Mutumin da ko lambar wayarsa sai ya duba, shi ne ya haddace makin mangwaro na kwana ashirin da ɗaya.

"Kullum da magariba kana kiran Inna ka gaya mata," ta ce. "Me kake so ka gaya mata? Huɗu? Biyar?"

Ya gane inda maganar ta dosa.

Inna mahaifiyarsa ce, a Gumel take. Ita ta yi jinyar Rumaisa wata biyu, ta yi mata wanka, ta ba ta abinci a baki, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Amma a gabanta wata rana Saudat ta zame daga cinyar Rumaisa ta faɗa kan katifa. Babu abin da ya sami yarinyar, Inna ce dai ba ta manta ba. Da za ta koma gida ta ce, tunda nono ya ƙafe tun a asibiti, madarar gwangwani ake ba ta, to idan ta cika wata shida hannun bai dawo ba, za ta zo ta ɗauke ta. Macen da ba ta iya goyo, in ji ta, hutu take buƙata.

Saura kwana tara.

"To me ya hana ki ce mata ba kya so?" in ji Nura.

"'Yar fari ce fa. Da wane bakin? Ko sunanta ba na iya kira a gaban Inna. In buɗe baki in ce a bar min ita, a ce matar Nura ba ta da ta ido?" Ta share hawaye da bayan hannun hagu. "Kai me ya hana ka faɗa?"

Ya sunkuyar da kai. Shi ma dai kunyar ce.

"Ba ƙaryar ce ta fi yi min ciwo ba," ya ce can. "Sati ukun nan da hannunki ya yi a kwance, shi ne. Ni ina can ina rabon lemo, ke kina nan ke kaɗai da tsoro."

"Ka yafe min."

"Miƙo hannun."

Ta miƙa na hagu. Ya kwance maɗaurin, ya ɗago na daman da kansa, ya miƙar da yatsun da suka dunƙule ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗaura. Tafinsa duk kanta ne, amma ya riƙe ta kamar mai riƙe ƙwai.

Ta cije leɓe ta ɗaga. Kafaɗa ta yi zafi, gwiwar hannu ta ƙi miƙewa, gumi ya tsattsafo mata a goshi. Minti goma ana abu ɗaya. Da ƙararrawar wasan ta kaɗa, mangwaro huɗu ne a kwando.

Ta juyar da kai don kada ta ga fuskarsa.

"Huɗu," in ji shi. "Na halak. Wallahi sun fi min tamanin ɗin can daɗi."

Washegari suka shiga a-daidaita-sahu daga Zawaciki zuwa asibiti, Rumaisa tana ta shirya yadda za ta yi bayani. Ashe wahalar banza ta yi.

"Ai na sani," in ji Sista Laraba, tana lanƙwasa mata gwiwar hannu. "Hannun da ba ya iya riƙe cokali, shi ne zai tsinko tamanin? Na bari ne in ga ranar da za ki gaya min da kanki. Ƙanwata, ba ke kika fara ba. Akwai wani Alhaji da direbansa yake buga masa."

"Sista, zai dawo cikin kwana takwas?"

Laraba ta daina murmushi.

"A'a. Ba zan yi miki ƙarya ba. Yana motsi, kuma in kin dage zai ƙara. Amma shi hannu bai san kalanda ba."

Duk da haka Rumaisa ta dage. Da safe bayan Nura ya fita, maƙwabciyarta Fanna ta karɓi Saudat, sai ta zauna ita da bishiyarta. Akwai wani mangwaro a can reshen sama da ta tsana kamar ya yi mata wani abu. Shida, bakwai, ran Talata goma sha ɗaya, ran Laraba ya koma tara, ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Nura ya daina kiran Inna da maki. Idan ya dawo, ko wanka bai yi ba, sai ya zauna a bayanta ya tallafe mata gwiwar hannu da yatsa biyu, yana zuga ta kamar mai kallon ƙwallo.

"Saura kaɗan, hasken idona, ga shi can... kin kusa..."

"Ka yi min shiru, kana ruɗa ni."

"Na yi shiru. Amma kin kusa."

Tana son mutumin nan. A cikin kwanakin nan ta san haka fiye da ranar da aka kawo ta gidansa.

Ran Asabar da hantsi Inna ta iso, da ƙullin kuka da daddawa, da sabon zanen goyo a jakarta. Rumaisa ta ga zanen, ta san abin da ya kawo ta.

Bayan an gaisa, an ci abinci, Inna ta ɗauki jikarta tana yi mata wasa.

"To, 'yar nan," ta ce wa Rumaisa, "wannan ya ce min kina tsinko mangwaro tamanin a talabijin ɗinku." Ta nuna Nura da haɓa. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, shi ma ɗan fari ne. "Ni ban san kan abin nan ba. Goya ta in gani."

Nura ya buɗe baki, Rumaisa ta riga shi.

"Inna, ba zan iya ba. Tamanin ɗin nan da hannun hagu na yi, shi ma bai sani ba. Na gaskiyar goma sha uku ne."

Inna ta gyara wa jikarta zama a cinya.

"Allah ya kyauta. Ai ciwo ba abin kunya ba ne, da za ki ɓoye." Ta juya ga Nura. "Ɗauko min kayan yarinyar, motar azahar nake so in samu."

Nura ya miƙe ya nufi wajen kayan. Rumaisa tana kallo aka fito da 'yan riguna, da gwangwanin madara, da ƙaramin bargo. Inna ta warware sabon zanen, ta karkaɗe shi.

Duk tarbiyyar da aka yi mata tana ce mata ta sunkuyar da kai, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Haka uwarta ta yi, haka yayarta ta yi. Sai ga shi ta zamo daga kan kujera ta durƙusa, ta ɗaga hannun nan na dama, yana karkarwa, ta kai shi har kan ƙafar yarinyar.

"Inna... ku yi haƙuri da rashin kunyata. Ku bar min Saudat. Ina son 'yata. In kuka tafi da ita, ban san don wa zan ƙara ɗaga hannun nan ba."

Nura ya tsaya da bargo a hannu, ya kasa gaba ya kasa baya.

Inna ba ta yi faɗa ba. Yatsun da suke kan ƙafar jikarta take kallo, sun kasa kamawa, sun kuma ƙi sauka.

"Yau shekara talatin da ɗaya ke nan," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Ranar da kakarsa ta zo ɗaukar wannan, daka nake yi. Yana ta miƙo min hannu daga bayanta, ban ko ɗago kai ba. Kowa ya yaba, aka ce ni Binta akwai kunya. Geron nan sai da na mai da shi gari, ban san ina yi ba." Ta goge ido da gefen mayafi. "Sai da ya shekara bakwai aka dawo min da shi, yana ce min Yaya."

Nura ya juya fuskarsa wajen bango, kafaɗunsa suna motsi.

"Da na sami bakin da kika samu yau..." Inna ba ta ƙarasa ba. Ta ja numfashi ta miƙe. "Tashi ki juyo. Sunkuya."

Rumaisa ta sunkuya. Ta ji ɗumin yarinyar a gadon bayanta, karo na farko tun da ta haife ta. Inna ta yafa zanen, ta dafe Saudat da tafin hannu.

"Ina riƙe da ita, ba za ta faɗi ba. Ja da hagun. Na daman ya danne bakin zanen kawai, kada ki saki."

Zanen ya kuɓuce sau biyu. A na uku yatsun suka danne, na hagu ya soke. Ɗaurin ya karkace, kowace mace ta gani sai ta yi dariya, amma ya zauna. Saudat ta kwantar da kai a tsakanin kafaɗun uwarta tana tsotsar yatsa.

Rumaisa ta fashe da kuka, Inna kuwa ba ta ɗauke hannunta daga bayan yarinyar ba.

"Nura," ta kira.

Ya juyo da sauri, idonsa jawur. Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

"Mai da kayan nan inda ka ɗauko su. Ka share min ɗakin can, ka aika Gumel a kawo min sauran kayana. Ina nan har ranar da za ta goya ta ba tare da hannuna ba."