Satar Inji a Filin Harbi na Burrinbah

Ranar Asabar da hantsi Sufeto Narelle Haddow ta isa filin harbi na Burrinbah. An sace injin da ke cilla faifan yumɓu sama don maharba su kakkaɓo, ga gasar jiha saura kwana shida.

Ta duba kwaɗon ƙofar ɗakin da ake ajiye injin. Lafiyarsa lau.

"Wa ke da makulli?" ta tambayi sakatariyar kulob, Glenys Petrakis.

"Ni da shugaba kawai."

"Kawai?"

Glenys ta kau da kai. "Da akwai na Merv Tolhurst, amma ya dawo da shi. Mu dai Kostas muke zargi, maƙwabcinmu. Kullum ƙorafi yake wai ƙarar bindiga na firgita masa tumaki."

Narelle ta sami Kostas yana gyaran shinge.

"Da ni ne, wuta zan cinna wa wurin gaba ɗaya," in ji shi. "Tun jiya nake jin harbi, kuma ba daga filin ba. Daga wajen rafi."

Gonar Merv ce kaɗai a wajen rafi. Narelle ta kira Glenys, ta matsa mata. Sai ga gaskiya: hukumar harbi ta jiha ta dakatar da Merv shekara guda saboda ya ratsa bayan maharba bindigarsa a rufe, alhali doka ta ce a riƙe ta a buɗe don a ga ba harsashi a ciki. Makullin kuma bai taɓa dawowa ba. 'Yan kulob kunyar karɓa suka ji.

Ta tarar da tsohon a baranda yana shan shayi.

"Baba Merv, ina ka shiga jiya?"

"Ina nan ina jinyar gwiwa, yarinya."

Ta sunkuya ta tsinci gutsuren faifan yumɓu mai launin ruwan lemo daga ciyawa. Ga ire-irensa nan a warwatse har bakin rumfar askin tumaki.

"Gwiwar ce ta farfasa waɗannan?"

Merv ya ajiye kofi, ya miƙe, ya wangale rumfar da kansa. Ga inji nan.

"Ni na ɗauka. Rubuta da kyau. Ubana ne ya ba su filin nan. Shekara arba'in da ɗaya ina harbi ban taɓa ƙwarzanar kowa ba. Sai wasu da ke zaune a ofis a birni su ce kada in taka ƙofar filin?"

"Doka ce, Baba. Ka san lasisin bindigarka ya tafi ke nan?"

"Su riƙe. Jiya na kakkaɓo ashirin da biyar, ko ɗaya bai tsira ba. Ki gaya musu."

Narelle ta karɓi makullin kabad ɗin bindigoginsa. Ba ta fito da ankwa ba. Merv ya ɗauki hularsa, ya ture hannun da ta miƙa masa, ya ɗingisa har motarta shi kaɗai.