Mahayin da Ɓarawo Ya Bari

Da safiyar Alhamis aka yaye ƙyallen da ke kan teburin, sai ga rabin rundunar Malam Ɗalha babu. Dakarun ƙasa suna nan a jere, 'yan mutum-mutumin dalma masu tsawon ɗan yatsa, amma gefen da dawakai suke tsayawa wayam. Ranar Asabar kuma za a buɗe nuninsu ga jama'a a wannan zauren unguwa na Woolwich.

Badariyya 'yar sanda ce, amma ba aiki kaɗai ya kawo ta ba. Malam Ɗalha abokin marigayi mahaifinta ne, tare suka yi aikin rediyo. Tun da ya yi ritaya ya duƙufa kan sojojin Rum na dā, yana yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya, har abokansa suna tsokanarsa wai tsufa ya mayar da shi wasan 'yar tsana. Ta same shi ya rafka tagumi, sai tausayinsa ya kama ta.

"Baba, me da me aka ɗauka?"

"Mahaya hamsin, kowane a madadin mutum goma. Kin ga, a zamanin farko rundunar Rum takan kai mutum dubu biyar, da 'yan dawakinta kaɗan a ciki. Daga baya aka rage ta zuwa kamar dubu, aka ware mahaya suka zama runduna mai zaman kanta, da tutarsu da zanen garkuwarsu."

An yi masa sata, amma bai fasa ba da darasi ba.

Badariyya ta duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Ta dawo tebur ta ga doki ɗaya tak a tsakiyar dakarun ƙasa.

"Wannan fa, Baba?"

Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa shi. "Kwamandan dakarun ƙasa ne. Doki yake hawa, amma ba ɗan rundunar mahaya ba ne."

Mutum uku ke da makulli: Malam, da mai kula da zauren, da mai shirya nunin. Ta fara da mai kula da zauren, Masawudu, mutumin Kumasi, wanda tuni shugaban kwamitin zauren ya fara yi wa wani irin kallo.

"Madam, jiya da azahar na rufe, doki duka yana nan. In an kore ni, ina zan je?"

"Yaya ka tarar da ƙyallen yau?"

"An rufe da kyau, an tura baki ƙarƙashi ta ko'ina. Ni ba na yin haka, jefawa kawai nake yi."

"Tebur ɗin nan akwai sauran ɗan rundunar mahaya?"

Ya nuna kwamandan. "Ga shi nan. Ɓarawo ya manta ɗaya."

Ta sallame shi. Da shi ne, da dokin nan ma ya tafi.

Jabir, malamin tarihin da ya shirya nunin, ya san bambancin sarai, amma jiya yana Manchester, ya kuma nuna mata tikitin jirgi. Da ta nemi hoton mahayan sai ya fara kame-kame, sannan ya miƙa mata wayarsa. Ta faɗaɗa hoton. Garkuwoyin dakarun ƙasa tsaf suke, ja da fari. Na mahayan kuwa fenti ya zarce ko'ina, har kan wuyan dawakai.

"Su Malam ya yi wa fenti a ƙarshe," in ji Jabir. "Wallahi na so in yi cancel, in fasa nunin, amma wa zai iya gaya masa?"

Badariyya ta raka Malam gida. Ya wuce ɗaki ya kwanta, ita kuma ta bi matarsa, Hajiya Rahinatu, kicin. Akwai tiren abinci a kan teburin kicin, an rufe shi da tsumma, an soke gefensa ta kowace kusurwa.

"Mama, me ya sa kika bar kwamandan?"

"Ke, ni me na sani a kan 'yan tsanarsa?"

"Ɓarawon waje duk mai doki zai kwasa. Wannan ya san wa ke cikin rundunar mahaya, wa ba ya ciki, irin sanin wanda ya sha darasi safe da yamma ko yana so ko ba ya so. Bai fasa ƙofa ba, domin makullin Baba yana aljihun rigarsa in ya kwanta baccin rana. Ya ɗauki waɗanda fentinsu ya lalace, ya bar masu kyau. Sannan ya rufe sauran kamar yadda kika rufe abincin nan."

 Hajiya ta buɗe kabad ta sauko da babbar samira. Mahayan suna ciki kwance a kan auduga, fiye da rabi da sabbin garkuwoyi, layi siriri kamar gashi. Shekara da shekaru tana yi wa amare zanen lalle, hannunta bai taɓa rawa ba.

"Idonsa ya tafi, Badariyya, ya ƙi faɗa, ni ma na ƙi tambaya. Ta yaya zan bari ranar Asabar mutane su tsaya suna jin tausayinsa? Na ɗauka ba za a buɗe ƙyallen ba sai Juma'a, kafin nan na mayar." Hawaye ya zubo mata. "Bawan Allah Masawudu kuma, yau ɗin nan zan je in roƙi gafararsa a gaban kwamiti."

"Kawo ɗaya in taɓa in ji."

Malam ne tsaye a bakin ƙofa. Hajiya ta sa masa mahayi a tafin hannu, ya shafa garkuwar da babban yatsa a hankali.

"Wane launi kika sa?"

"Shuɗi da ruwan ƙwai, yadda kake ta faɗa."

"Ni me na sa?"

"Duk wanda hannunka ya kai gare shi."

Ya yi dariya, dariyar ta ƙare da kuka, ba ya ma ɓoyewa. Badariyya ta kau da kai ta shiga wanke kofin da ba shi da datti.

"Ashe duk shekarun nan kina saurare," in ji shi.

"Ina da zaɓi ne?"

Ya lalubi kujera ya zauna. "Saura nawa?"

"Da ɗan dama."

"To zauna, Rahinatu. Ni zan riƙe miki dokin, ke ki shafa."