Gadon Da Ya Kalli Arewa

“Kan gadon nan ina ya kalla?”

Mama Kuwabara, mahaifiyar saurayina, ce ta yi tambayar, ko jakar hannunta ba ta ajiye ba. Muryarta ta yi sanyi da yawa.

Wata uku na yi ina aikin ɗakin nan. Ni kafinta ce, kuma ba yabon kai ba, duk unguwarmu a Osaka babu mai matse ƙaramin ɗaki mai cin tabarma shida kacal ya fitar da gida a cikinsa kamar ni. Teburin cin abinci a bango yake naɗewa. Gadon kuwa, da yake ɗakin gajere ne, sai na fafe ƙasan kabad ɗin kaya, ƙafafun mai barci su shige ciki. A nan ni da Wataru za mu zauna, in har mahaifiyarsa ta yarda da aurenmu. Yau ta ce za ta yanke hukunci.

Ba ita kaɗai ta zo ba. Ta taho da Momoka, 'yar aminiyarta, wadda tun da daɗewa take so ɗanta ya aura. Tun shigowarta take shafa katakona tana murmushi, ni kuwa na tsani murmushin nan.

“Bari in duba miki, Inna,” in ji Momoka. Ta ɗora wayarta a kan matashin kai, allurar kamfas ɗin wayar ta juya ta tsaya. “Ayya... arewa ce.”



A ƙasarmu kowa ya san gawa ake kwantarwa kai a arewa. Mama kuwa wata takwas ke nan da ta gyara wa gawar mijinta matashi da hannunta, ta juya kansa can.

“Mama, camfi ne fa,” Wataru ya ce a hankali.

“Camfi?” Ta kalle shi. “Kai ka rufe masa ido ko ni?”

“Sai mu juya kan kawai...”

“Ku cusa kawunanku a ƙarƙashin kabad?” Momoka ta rufe baki tana dariya. “Chinatsu, ke da ake cewa gwana ce?”

Da ni da ita ne kaɗai, da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Na haɗiye fushina.

Mama ta juyo gare ni. “Ɗa ɗaya gare ni. Ɗaya. Kin auna wurin cokali, kin auna wurin takalmi, amma ba ki tsaya kin duba yadda za ki kwantar da shi ba. Wataru, ɗauko rigarka.”

Ya kama hannuna ya matse. “Ba inda za ni, Mama. Masoyiyata, faɗa mata mana.”

“Na ce ka bari sai bayan biki...” na raɗa masa.

“In kika yi shiru, babu bikin.”

Na je bangon da ke saman kan gadon. Na danna wani falle na katako, ya zame gefe. Ko Momoka da ta shafe ko'ina ba ta gano shi ba.

Ɗan gurbi ne, faɗinsa bai fi taƙi biyu ba. Akwai wurin jingina hoto, da ramin kaskon turare, da ƙaramar durowa ta ashana.

“Na Baba ne,” na ce. “Wataru ya ce ba zai iya tashi da safe bai gaishe shi ba. Da wannan na fara aikin, kafin komai. Kakata ta ce min wurin mamaci kudu yake fuskanta, shi ya sa na ba shi bangon arewa. Da na zo kan gado sai na rasa yadda zan yi. In na kai kanmu kudu, kullum ƙafafunmu za mu miƙa wa Baba.”

Hawaye ya zubo min, haushin kaina ya kama ni.

“Na san arewa ce, Mama. Ba mantuwa na yi ba. Na zaɓa ne, kuma wataƙila na zaɓa ba daidai ba. In kin ce a cire, yanzu zan ɗauko sukudireba.”

Momoka ta buɗe baki. Mama ta ɗaga mata hannu ba tare da ta kalle ta ba.

Ta matso ta sa yatsa cikin gurbin, ta bi gefen katakon a hankali. Ta daɗe a haka.

“Kin yi kuskure,” ta ce.

Na sunkuyar da kai.

“Ɗana ba zai kwana kai a arewa ba, ko da dare ɗaya. Za ki kwance gadon nan.”

“To, Mama.”

“Shi ma wannan gurbin ki cire shi daga nan. Mijina mutum ne mai son hantsi, shekara talatin yana shan shayinsa a bakin taga. Ki mai da shi can inda rana ke faɗowa, sai ku juya gadonku ku bar masa gefe.” Ta buɗe jakarta, muryarta ta karye. “Wata takwas ina yawo da shi. Gidan can ya yi min girma, na kasa ajiye shi ko'ina.”

Ta ciro hoton mijinta, ta wuce ɗanta, ta miƙo min da hannu biyu.

“Ungo, 'yata. Auna shi da kyau.”