Malam Saura Kaɗan

A ɗakin karatu na kwaleji ya fara ganinta, tana fama da aljabara, ta kusa huda takarda da magogi. Shi mataimakin malamin lissafi ne, saboda haka ya sami hujjar zama kusa da ita.

"Layin kwance kike nema, wanda zanen lissafin yake ta kusanta? Kwatanta x mafi ƙarfi na sama da na ƙasa. In na ƙasa ya fi, layin yana kan sifili. In sun yi daidai, raba lambobin da ke gabansu."

Ita ta ci jarrabawa. Shi ya daina cin abinci.

Ya riƙa zuwa gidansu: da farko bakin titi, daga baya ƙofar gida, daga baya har baranda. Manyansa ne dai bai turo ba, wai sai an tabbatar masa da aiki. Ta raɗa masa suna Saura Kaɗan.

Mahaifinta ya gaji. "Mai kantin magani ya turo kawunnansa neman aurenki, jibi zan ba su amsa. In kina da wani, manyansa nake son gani, ba ƙeyarsa ba."

"Baba, don Allah."

"Jibi."

Ta kira shi har wayarta ta yi zafi, bai ɗauka ba. Washegari saƙo ya shigo:

"Sanyin idona, ki yafe mini. Ni zane ne, ke layin kwance. Zan kusance ki har abada, ba zan taɓa ki ba. Ba ni da komai."

Ta karanta tana kuka. Ta sake karantawa, sai ta ga kuskure. Ta rubuta masa:

"Saura Kaɗan, layin tsaye ne ba a taɓawa. Na kwance har ƙetare shi ake yi. Gwada x bisa x² + 1, ka ga inda zanen da layin suke haɗuwa. In ba ka zo gobe ba na rasa ka, kuma wallahi ba zan iya ba."

Ya gwada. A sifili suka haɗu, daidai inda babu komai. Ya sake gwadawa, kasancewarsa mai taka-tsantsan, sannan ya fita a guje neman kawunsa.

Da suka durƙusa a falo, mahaifin ya ce, "An tabbatar da aikin?"

"Tukuna, Baba."

"Ni ma da na auri uwarta ba a tabbatar da ni ba. Har yau tana nazari. Tashi, na ba ka."

Aka ɗaura aure. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa 'ya'yan su gaji uwarsu a lissafi.