Ruwan Bayan Mota

"Kin gama takaba, Huseina, me kuma kike jira a Lyon?"

Yaya Karim ne, tun daga Aubervilliers da ke gefen Paris ya tuƙo mota don ya ɗauke ta. "Inna ta ce in mai da ke wurina a Paris. Wannan tsohuwar ko faransanci ba ta ji, me za ku ce wa juna?"

"Yaya, uwar mijina ce..."

"Allah ya jiƙan Selim, amma ya tafi! Ɗauko akwatinki."

Ya tafi? A'a, wallahi bai bar gidan nan ba. Duk ƙofar da ta buɗe sai ta ji muryarsa yana koya mata turkanci da tsokana. "Kalmarmu kamar tasbaha take, chérie, ɗaya bayan ɗaya ake jerawa. Ev, gida. Eve, zuwa gida. Evde, a cikin gida. Evden, daga gida." Ta cakuɗa su, shi kuma ya yi ta ƙyaƙyata dariya har da riƙe ciki.

"Ba komai, hasken idona. Ranar da kika haɗa jimla guda, Anne za ki fara gaya wa."

Anne, haka yake kiran mahaifiyarsa. Ranar ba ta zo ba, hatsarin hanyar Paris ya riga ta. Tun daga nan mata biyu ke zaune a gida ɗaya, shayi kawai ke ratsa tsakaninsu. Huseina ta sa a ranta tsohuwar ta gaji da ganin ta.

Ta durƙusa ta sumbaci hannun Anne, ta fita ta shiga mota.

Motar na tashi ta waiwaya. Ga Anne a bakin titi ko takalmi babu, ta watsa ruwa daga kwano a bayan motar.

"Ikon Allah! Korar mu take yi?" in ji Karim.

Sai Huseina ta tuna. Selim ya taɓa gaya mata, a wurinsu wanda ake so ya dawo ake zuba wa ruwa. Da wannan kwanon Anne ta zuba masa safiyar da ya tafi, bai dawo ba. Amma yau ta sake ɗaukowa saboda ita!

"Tsaya, Yaya! Arrête!"

Da gudu ta koma, hawaye sun rufe mata ido. Ta jera kalmar a ranta ɗaya bayan ɗaya, yadda ya koya mata.

"Evdeyim, Anne..." Ina gida.

Kwanon ya suɓuce ya faɗi. Tsohuwar ta rungume ta tana kuka, tana ta zuba magana da sauri. Huseina ba ta gane komai ba sai kalma guda, wadda Selim ya ce uwa ce ke faɗin ta.

"Kızım."

Ɗiyata.