Wankakkiyar Shara

Duk ajinsu babu wanda ya kai Teun tsanar masu zubar da shara barkatai. Ko takardar alewa ka yar, sai ya tsayar da kekensa ya yi maka wa'azi. Shi ya sa da Malama Annelies ta ce a haɗa wasan kwamfuta a kan ƙazantar muhalli, shi ya fara ɗaga hannu.

Su uku aka haɗa. Wout ya iya kwamfuta, shi zai tsara wasan. Jitske za ta rubuta tambayoyi. Teun zai kawo hoto da zane. Ranar Juma'a za su nuna wa 'yan ƙaramin aji.

Wasan mai sauƙi ne. Hoton wuri mai datti zai fito, yaro ya tsince sharar da yatsa. A gefe kuma ga mugun da ya zubar. Teun ya zana shi da ƙaton ciki, da jajayen idanu, da haƙora gatso-gatso.

"Haka suke," in ji shi. "Marasa kunya kawai!"

Ranar Asabar da yamma ya hau keke ya nufi rafin da ya ratsa garinsu. Ya duba ƙarƙashin gada, tas. Ya duba bakin ruwa, tas. Ashe da safe 'yan unguwa sun shiga kwale-kwale sun kwashe komai, kamar yadda suka saba.

Ran Teun ya ɓaci. "Sai yau da nake neman shara suka ga damar kwashewa?"

Nan wata dabara ta zo masa, dabarar banza. Ya koma gida ya ɗauko buhun robobin da mamarsa take warewa daban. Ya zazzage a bakin rafi, ya ɗauki hoto. Niyyarsa ya tattara abinsa ya mayar.

Amma iskar garin nan ba ta jiran kowa. Kafin ya sa wayar a aljihu, ta kwashi kofuna da ledoji ta watsa cikin ruwa. Ya kama abin da hannunsa ya kai, sauran suka bi ruwa. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya hau keke ya gudu. Mai wa'azi ke nan!

Ranar Litinin Jitske ta shigo aji tana huci. Ta ajiye wata jar raga a kan tebur, irin wadda ake zuba lemu a ciki.

"Kun ga wannan? Jiya kakana ya cire ta daga wuyan ɗan agwagwa. Saura kaɗan ya mutu! Tsoho da ciwon baya ya sha wahala yana kwasar shara, wani sakarai ya zo ya sake zubawa."

Teun ya kau da kai.

"Yau ba wa'azi?" Wout ya tsokane shi. "Kawo hoton mu gani."

Wout ya sa hoton a babban allo, ya ƙara masa girma. Ya ƙura ido, sai ya fashe da dariya.

"Kai, wannan shara akwai tsabta! Ku dubi kofunan yogot, duk an wanke su fes. Ba takarda, ba gwangwani, roba zalla. Wa yake wanke shara, ya ware ta, sannan ya zubar a rafi?"

Dariyar ta tsaya masa. Ya juyo a hankali. "Teun, ai mamarka ce take wanke kofuna kafin ta sa a buhu."

Jitske ta nuna ƙasan hoton. Ga jar ragar nan kwance a cikin robobin.

"Kai ne?" ta daka wa Teun tsawa. "Kai da ka sa ni kuka a kan ɓawon ayaba? Malama, ba zan tsaya gaban yara da shi ba. Ko shi, ko ni!"

"Ba ni na zuba a ruwa ba," in ji Teun. "Iska ce."

"Iskar ce ta shiga kicin ɗinku ta ɗauko buhun?" Malama Annelies ta tambaya.

Teun ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi. Ya faɗi komai, bai rage ba.

"Zubarwa kuskure ɗaya ne, guduwa kuma na biyu," in ji Malama. "In kana son komawa cikinsu, sai ka gyara abin da ka ɓata."

Da aka tashi, ya je ya ba kakan Jitske haƙuri. Tsohon ya miƙa masa doguwar sanda mai raga. Suka shiga kwale-kwale. Sai da hannun Teun ya yi sanyi ƙalau kafin suka ciro kofi na ƙarshe daga cikin ciyawa. Ɗan agwagwan ya wuce su yana bin uwarsa, wuyansa duk a kwaile.

Washegari Teun ya ce wa Wout ya goge mugun nan mai jajayen idanu. Ya ba shi sabon zane.

Ranar Juma'a yara suka yi ta wasan suna ihun murna. Can wata ƙaramar yarinya ta ɗaga hannu.

"Me ya sa mugun bai yi kama da mugu ba? Ai yaro ne kawai da keke."

Teun ya dube ta. "Saboda ni ne. Mai ɓata wuri ba dodo ba ne. Mutum ne kamar ni da ke, wanda ya ce sau ɗaya ne kawai, kuma ba wanda ya gani."

Jitske ta matso ta tsaya kusa da shi.

"Kuma shi ne ya koma ya kwashe," in ji ta. "To, wa zai sake bugawa?"