Fitilun Kubura

"Ɗauke shi daga tebur nau!"

Tabawa ba ta ko ɗago kai daga rediyon da take yi wa dalma ba. Ɗanjimma mai jita ya yi tsaye ƙerere a bakin rumfarta, ranar kasuwar Filinge, hannunsa a kan wani ɗan akwati da ya ɗora mata a tebur.

Ita ta ƙera akwatin nan da gwangwanin biskit, don ya sa jitarsa gurnani. Da gurnanin ya yi suna har Bonkuku, sai innarsa ta ce ba ta yin suruka da mai zaman kasuwa cikin maza tana warin dalma. Ta nuna masa Kubura, 'yar ƙanenta. Shi kuwa gogan ko musu bai yi ba, wata biyar bai sake bi ta layin rumfarta ba.

"Tabawata..."

"Kul! Wannan suna ya mutu."

"Don Allah ki duba min. Jibi ina da wasa garin Sanam. In na taka shi sai amon ya shaƙe kamar akuya da igiya a wuya. Pil huɗu na sake cikin sati guda!"

Sai yanzu ta dubi akwatin, zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. An huda murfin, an jera ƙananan fitilu jajaye har ashirin a siffar harafin K. Ga mai harafin nan a bayansa ta sha lalle, tana taunar cingam.

"Ni na kai anka sa mishi ado," in ji Kubura. "Da kamar gwangwanin bola yake."

Tabawa ta yi murmushi. Wata biyar tana jiran rana irin wannan, ba za ta yi gaggawa ba.

Ta buɗe murfin, ta ɗora wayoyin mitar awon wuta a bakin pil, wato batir.

"Karanta," ta ce masa.

"Tara."

"Taka."

Ya taka, fitilun suka kama. Lambar ta gangara, bakwai... shida... biyar da rabi. Jitar ta yi tari ta yi shiru.

Masu gyaran babur na kusa suka matso. Tabawa ta bi dalmarta ɗaya bayan ɗaya a gabansu, ta gwada kowane ƙulli, don kowa ya shaida aikinta lafiya lau yake. Sannan ta ɗago wata siririyar waya da bakin almakashi.

"Wagga ba tawa ba ce. Hitilun ga su ka shanye wutar, ba su barin ma amo komi."

"To mi za a yi?"

Ta san abin yi sarai. A ba fitilun pil nasu daban, minti biyar an gama, ado ya zauna, amo ya dawo. Ta haɗiye wannan maganar, har daɗi ta ji a maƙogwaro.

"Babu dabara. Ko hitilu, ko amo." Ta miƙa masa almakashin. "Ni ba ni taɓa kayan wata. Yanke da hannunka."

"Ɗanjimma!" Kubura ta tofar da cingam. "In ka yanke, wallahi Gwaggo za ta ji!"

Ya dubi fitilun, ya dubi Tabawa.

Ƙyas!

Harafin ya mutu, mita ta koma tara. Ya kaɗa tsirkiya ɗaya, gurnanin ya tashi har tantabarun rumfar hatsi suka watse. Kubura ta ja gyalenta ta kutsa cikin kasuwa tana kuka.

Tabawa ta zaci sanyi za ta ji. Ina! Ba ita ya zaɓa ba, wasan Sanam ya zaɓa, kuma da ƙarya ta kai shi.

"An gyara. Tahi."

Bai tafi ba. Ya durƙusa daidai teburin, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Da kin sa musu pil nasu daban, da sun zauna."

Ta zuba masa ido.

"Ka... ka sani?"

"Shekara biyu ina zaune bisa bencin ga ina kallon hannunki, Tabawa. Mi kika ɗauke ni?"

"To don mi ka yanke?"

"Don ki gani da idonki. Inna ma yau za ta ji daga bakina, ba daga bakin Kubura ba."

Hawayen da ta riƙe wata biyar suka zubo, ta share da bayan hannu cikin fushi.

"Ban yahe ba tukuna."

"Na sani, abar raina."

Ta tura bencin da ƙafa.

"Zauna. Ramu ashirin ka bari anka yi wa aikina, kai za ka toshe su, ina kallo."